Garejina ya koma firji, ya zan yi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Don Allah shawara nake nema, garejin gidana ne da hunturu ya shigo sai ya koma kamar firji, kuma a nan nake ɗan taɓa aikin kafinta da yamma. Na sayi hita ta lantarki ina kunnawa awa biyu uku amma wallahi yatsuna ba sa daina ƙagewa, kuɗin wuta kuwa sai hawa yake. Wani abokina ya ce in sa kaskon gawayi ko hita mai kalanzir kawai in rufe ƙofa. Ya ka gani?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Bari in fara da maganar abokin naka don ita ce mai kisa. Gawayi ko kalanzir ko gas, duk abin da ke ci da wuta a rufaffen ɗaki zai iya fitar da iskar kabon monoksayid, ba ta da wari ba ta da launi, sai dai ka ji ciwon kai da jiri da barci-barci, daga nan kuma sai yadda hali ya yi. Haka ma barin mota a kunne a gareji wai don ta ɗumama, kar ka fara, balle in garejin manne yake da ɗakunan kwana. Akwai 'yar na'ura mai ƙara in iskar ta taru, ka nema ka maƙala.

Ita kuma hitarka ba laifinta ba ne, ruwa kake zubawa a kwando. Da dare ka kunna fitilar gareji ka fita waje ka kalli ƙofar, duk inda ka ga haske na leƙowa to nan sanyi ke shigowa, yawanci ta ƙasa ne inda robar ta tsufa ta tsattsage, sai gefe da gefe. Canja robar nan, ka liƙe gefen taga, wannan kaɗai za ka ji bambanci ranar.

Sai ƙofar kanta, in ta ƙarfe ce falle ɗaya ai ba ta riƙe komai, ka yanka allon soso mai tauri daidai kowane gida na ƙofar ka cusa. Amma fa nauyi zai ƙaru, in ka ga tana gardamar ɗaguwa kira mai gyara ya saita sifirin ɗin da ke taimakawa wajen ɗaga ta, kar ka taɓa da kanka, yana iya karya hannu. Silin ma kar ka manta da shi tunda iska mai ɗumi sama take yi, a shimfiɗa audugar gilashi (faibagilas, mai riƙe ɗumi) a kai, da safar hannu da takunkumi don ƙaiƙayinta ba wasa. In ka sa soso a bango ka rufe shi da allon jifsum, soso a tsirara wuta yake kamawa.

Bayan duk wannan ne hita mai wat 1500 za ta yi maka amfani, ka fuskanto da ita inda kake tsayuwa ba wai sai ta ɗumama ko'ina ba. A soket ɗin bango za ka jona ta kai tsaye, ban da ekstenshan don wayar na zafi, ka bar tazarar kamar mita 1 tsakaninta da garin katako da fenti. Galan ɗin fetur kuma fitar da shi gaba ɗaya, tururinsa ya fi iska nauyi, a ƙasa yake kwanciya daidai inda ka ajiye hitar.