Tambaya da Amsa: An yanke min haraji a aikin hutu

Tambaya: Anti, ni ɗaliba ce a Ingila. Na yi aikin wucin gadi a wani kanti lokacin hutun Kirsimeti, albashina fam 1,000, sai na ga an zare fam 200 da sunan haraji. Ba an ce ɗalibai ba sa biya ba?

Amsa: Ƙanwata, wanda ya gaya miki haka ya ruɗe ki. A Birtaniya ɗalibi da wanda ba ɗalibi ba duk doka ɗaya ce. Abin da ake dubawa shi ne jimillar abin da kika samu a shekarar haraji, daga 6 ga Afrilu zuwa 5 ga Afrilun da ke biye. Fam 12,570 na farko ba a taɓa shi.

Ɗauko takardar albashinki ki duba lambar harajin. Ina kyautata zaton za ki ga BR, wadda ke yankar kashi 20 cikin ɗari tun daga fam na farko. Yawanci hakan na faruwa idan mai kanti bai karɓi P45 ɗinki ba (takardar bayanin haraji da ake ba ma'aikaci idan ya bar wurin aiki), ko aka ɗauka aiki na biyu kike yi. Lambar da ta dace da yawancin mutane ita ce 1257L.

Kuɗinki bai ɓata ba. Ki tuntuɓi hukumar haraji ta HMRC ta intanet ko ta waya, ki nemi a mayar miki. Kada ki biya dillali ko kwabo, kyauta ne.

Af, idan da bizar karatu kike, ki kiyaye: ba a yarda masu karatun digiri su wuce aikin awa 20 a mako ba lokacin zangon karatu.