Na sayi gona a Amurka, ashe gwamnati na biyan kuɗi don a bar ta ta huta

Tambaya: Lauya, na sayi gona a jihar Iowa. Bayan ciniki ya faɗa sai ga takarda daga ofishin noma na ƙaramar hukumarmu, wai wani sashe na gonar yana cikin shirin CRP na hutar da ƙasar noma, saura shekara huɗu. Ni kuwa masara nake son shukawa. Ina mafita?

Amsa: Malam, don Allah kada garma ta taɓa wannan sashen tukuna.

Dokar noma ta 1985 ce ta kafa CRP. Gwamnatin tarayya ke biyan manomi haya duk shekara, yawanci a watan Oktoba, ya bar ƙasar da zaizaya ke ci ta huta ƙarƙashin ciyawa ko itatuwa tsawon shekara 10 zuwa 15. Hukumar FSA, wani reshe na ma'aikatar noma ta Amurka, ke kula da shirin.

Yarjejeniyar tsakanin gwamnati ce da wanda ya sayar maka. Kai kana da kwana 60 daga ranar da gonar ta zama taka ka je ofis ka gaje ta. Idan ka ƙi, za a soke ta, a nemi tsohon mai gonar ya mayar da duk abin da ya karɓa tun farko, da kuɗin ruwa, da tara.

Za ka ce ina ruwanka. Ruwanka na cikin takardar cinikin da ka sa wa hannu. A can, masu sayar da irin wannan gona sukan saka sharaɗin cewa mai saye zai ci gaba da shirin. In yana cikin taka, ka yi noma, mutumin zai maka ka a kotu ka biya asararsa. Wannan ne ya fi damuna, domin mutanenmu da yawa farashi kawai suke dubawa su sa hannu. Ɗauko takardar yau, lauyan jiharku ya karanta maka ita layi-layi.

Idan ka gaji yarjejeniyar, haya ta zama taka, nauyin kuma ya hau wuyanka: ba shuka, ba yankan ciyawa ko kiwo sai da izini, musamman lokacin da tsuntsaye ke sheƙa. Ka tafi ofis da shaidar izinin zamanka a Amurka, don za a duba ta kafin a biya ka. Ɗan ƙasa da mai katin zama na dindindin ba su da matsala. Wanda ba haka ba, sai ya nuna filin nasa ne, jarin nasa ne, kuma da hannunsa yake aikin.

In ofis ya yanke hukuncin da bai yi maka ba, kwana 30 gare ka ka ɗaukaka ƙara, ko gaban kwamitin manoma na ƙaramar hukuma, ko sashen ƙararraki na ma'aikatar noma, ko ka nemi zaman sulhu.

Ni dai shawarata ka gaje ta. Sashen da aka saka a shirin galibi ba shi ne mai albarkar masara ba, ka noma sauran gonar, haya na shigo maka har wa'adin ya cika.