Amsa ga ƙanwarmu mai son zuwa aikin sa kai a makarantar yara makafi a ƙasar waje

Salamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanwata da kika yi tambaya daga Abuja, na karanta saƙonki tun jiya da dare, amma na bari sai da na samu natsuwa, don amsar ba ta layi biyu ba ce. Kin ce kin gama hidimar ƙasa, kin ga wani talla na zuwa aikin sa kai na mako biyu a makarantar yara makafi a waje, ana neman ki biya kuɗi, kuma ba ki taɓa taɓa rubutun makafi ba. Kina tambaya ko ki je.

Ni malamar makaranta ce a nan Jos, kuma na yi wata bakwai a wata makarantar kwana ta yara makafi a Ghana a 2015. Abin da zan fara gaya miki shi ne, mako biyu ba ya isa ki yi wa kowa amfani. A mako biyun farko ni ce nake ba su aiki.

Ranata ta uku na share aji, na ja wani benci gefe don in samu wurin wucewa, na manta ban mayar da shi ba. Aka kaɗa ƙararrawa, wani yaro ɗan shekara goma ya shigo da gudu kamar yadda ya saba kullum, ya yi karo da shi, ƙaurinsa ya fashe. Bai yi kuka ba, sai kawai ya tsaya ya ce da Turanci, wa ya taɓa mana bencinmu? Duk ajin ya yi tsit, don kowa ya san ni ce. Daga ranar na gane cewa taswirar makarantar gaba ɗaya tana cikin kan yaran nan, kowane mataki a ƙirge yake. Ƙofa ko dai a rufe ta ruf ko a buɗe ta gaba ɗaya, rabi da rabi shi ke fasa goshi. Bokiti, tsintsiya, takalmi a bakin ƙofa, duk tarko ne.

Sai kuma baki. Mu masu ido rabin maganarmu nuni ne: "ga shi can", "miƙo wancan", "matsa nan". Duk waɗannan ba su da ma'ana a wurinsu. Dole ki koyi cewa "kofinki yana hannun damanki, kusa da faranti". In kin shiga ɗaki ki faɗi sunanki, in za ki fita ki ce kin fita, kada ki bar yaro yana ta zuba wa iska labari. Jagora ma da ƙa'idarsa. Ba a fizgar hannun mutum ko a tura shi gaba. Ki tambaye shi ko yana so, shi zai riƙe damtsenki sama da gwiwar hannu, ki riga shi da rabin taki, jikinki ne zai gaya masa an zo matakala ko kwana. Sandarsa kuwa kada ki kama ta, ko da wasa.

Rubutun shi ya fi ba ni kunya, shi kuma ya fi ba ni daɗi. Louis Braille, Bafaranshen da aka haifa a 1809, ya makance tun yana ƙarami, ya tsara shi yana ɗan shekara 15. Ɗigo shida ne kacal a gida ɗaya, uku a hagu uku a dama, daga cikinsu ake fitar da siffofi 63 da suka ɗauke haruffa da lambobi da alamomi. Da injin Perkins mai maɓallan ɗigo shida abin da sauƙi, sai dai yana da tsada, ba kowane yaro ke samu ba. Yawanci allo ne da ɗan tsinken ƙarfe kamar basilla, ana huda takarda ta baya. Tunda ta baya ake hudawa, daga dama zuwa hagu za ki rubuta, kowane harafi a juye, sannan a kifa takardar a karanta daga hagu. Nan ne mai ido yake rikicewa, don "e" da "i" juyin juna ne, haka "d" da "f", haka "h" da "j".

Akwai wata yarinya 'yar zangon Kumasi, ita kaɗai ce mai jin Hausa a ajin, irin Hausar Ghana da ba ta damu da raba mace da namiji ba, har ni "ya zo" take ce mini. Na zauna na rubuta mata jimla ta farko da hannuna, ina ta alfahari, wai "ina kewar gida". Ta ɗora yatsunta biyu, ta bi layin sau ɗaya, ta sake bi, sai ta fashe da dariya har tana buga tebur. Ta ce, "Madam, ena kiwar geda? Gyaɗa kake kiwo a garinku?" Na juya kowane "i" da "e". Ita ta zama malamata duk yamma bayan cin abinci, kuma ba ta da sassauci ko kaɗan. Wata biyu na yi kafin in iya karanta takardar yaro ba tare da leƙa jadawali ba, kuma da ido nake karantawa, yatsana har yau bai iya ba.

To me mai ido yake yi a can? Aikin da babu mai ɗaukarsa hoto. Zama a bi takardun jarrabawar yara a rubuta abin da suka ce da biro a saman ɗigon, don malamin da bai iya rubutun ba ya samu ya duba. Karanta littafi da ƙarfi ana naɗa a waya. Buga darasi a kwamfuta don a fitar da shi da injin huda. Yin taswirar Afirka ta Yamma da zare da gam da yashi, kogin Volta da igiya, manyan birane da ƙwayar wake. Littafin ido guda ɗaya in aka mayar da shi rubutun makafi sai ya zama kundi da yawa, kuma in kika danne shi da kaya masu nauyi ɗigon ya kwanta, kin kashe littafin. Idan kin iya kwamfuta, ki koyi manhajar NVDA mai karanta abin da ke kan allo, kyauta ce, da TalkBack mai irin wannan aiki da ke cikin wayar Android. Manyan ɗalibai za su fi murna da wannan a kan buhun alewa. Sa kai ya fi bauta ciwo, in ji Hausawa, na gaskata haka ranar da na kwana ina bin takardun lissafi arba'in.

Abin da nake roƙonki ki ajiye a gida shi ne tausayi. Mun taso muna ganin makaho da ɗan jagora da ƙoƙo a bakin masallaci ko kasuwar Terminus, sai ƙwaƙwalwarmu ta haɗa makanta da bara. Yaran nan suna wanki, suna guga, suna faɗa a kan ƙwallon ƙafa, suna yin ƙarya in ba su yi aikin gida ba. Suna jin "Allah sarki" a cikin muryar mutum tun kafin ya furta, kuma ba sa so. Hoto ma haka. Yaro ba ya ganin kin ɗaga waya, saboda haka ɗaukarsa ba da saninsa ba sata ce. Na ga baƙi sun zo na kwana goma, sun rungumi kowa, sun yi kuka, sun cika Facebook, sun tafi. Ƙananan suka yi makonni suna tambayar ina mai muryar nan ta tafi.

Batun kuɗi kuwa, ni ban biya kowane dillali ba. Wasiƙa na rubuta wa shugabar makarantar kai tsaye, ta ba ni takardar gayyata da ɗaki, ni na ɗauki nauyin mota da abincina. Ki nemi sunan makarantar, ki kira su da kanki ki ji ko sun san da zuwanki, in mai tallan ya ƙi ba ki suna to ki riƙe kuɗinki. Ɗan Najeriya yana shiga Ghana ba biza har kwana 90 saboda yarjejeniyar ECOWAS, in za ki wuce haka sai kin je ofishin shige da fice. Ki tafi da katin rigakafin shawara, za a tambaye ki a kan iyaka. Ta mota na bi, Legas, Seme, Kwatano, Lome, Aflao. Tunda kina Abuja, ki kuma bincika shirin Technical Aid Corps na gwamnatin tarayya, wanda tun 1987 yake tura ƙwararru aikin shekara biyu a ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik, sai dai masu gogewa suke ɗauka.

Kafin duk wannan, ki gwada kanki a gida. Ghana tana da tsohuwar makaranta a Akropong tun 1945, amma mu ma ga Gindiri a ƙaramar hukumar Mangu, makarantar yara makafi da mishan ɗin Sudan United Mission (SUM) ya kafa a 1953, kuma Jami'ar Jos tana da sashen ilimin masu buƙata ta musamman. Da na san abin da na sani yanzu, da can na fara, da ƙaurin yaron nan bai fashe ba. Ki samu wata uku kina zuwa irin wannan wuri, ki iya haruffa da lambobi, sannan ki nemi na waje na zango ɗaya cikakke a ƙalla.

In kin shigo Jos ki yi mini magana, ina da allo da tsinke guda biyu, zan ba ki ɗaya da jadawalin haruffa. Ki zo da rigar sanyi in watan Disamba ne, don yatsa ba ya jin ɗigo in ya ƙandare.