Amsa: Da gaske ne ba sa duba takarda in suna kiɗa?

Malam, tambayarka ita ce ko gaskiya ne 'yan ƙungiyar Smetana ta birnin Prag na ƙasar Czech da ka suke kiɗa, ba takardar rubutaccen kiɗa a gabansu. Ƙwarai kuwa, shekara da shekaru haka suka yi. Su huɗu ne: biyolin biyu, biyola ɗaya da celo ɗaya, duk dangin goge ne na Turawa. Sun fara a 1945, suka ajiye aiki a 1989.

Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne daɗewarsu tare. Tun da Milan Škampa ya karɓi biyola a 1956, shi da Jiří Novák da Lubomír Kostecký da Antonín Kohout ba wanda ya canja har ƙarshe. Mutanen da suka haura shekara 30 suna atisaye tare, ɗaga gira ma ya ishe su fahimtar juna. A ganina, wannan ya fi haddar kanta muhimmanci. 

Japanawa sun ƙaunace su sosai. A Tokyo ne kamfanin Denon ya naɗi kiɗansu a 1972, ɗaya daga cikin naɗin dijital na farko da aka sayar.

In za ka fara saurarensu, nemi kiɗan goge huɗu da Bedřich Smetana, mai tsara kiɗan da ƙungiyar ta ci sunansa, ya tsara a 1876. Dab da ƙarshe biyolin na riƙe wani siririn sauti mai tsini, wato ƙarar da ta addabi kunnensa lokacin da kurumta ta kama shi.