Shugaba na neman sabbin dabaru, amma a baki kawai

Tambaya: Malam, a wurin aikinmu kullum shugaba cewa yake mu kawo sabbin dabaru, amma in ka kawo, shiru kake ji. Yaya ake gane shugaban da da gaske yake yi? Daga wata mai karatu.

Amsa: Malama, fara duba lokaci da kuɗi. Tun 1948 kamfanin 3M na Amurka ya bar wa masu bincikensa kashi 15 cikin ɗari na lokacin aiki su gwada tunaninsu, kuma wannan dama ta taimaka wajen fitowar 'yar takardar manne ta Post-it. Shugaban da bai rage wa kowa aiki ba, bai ware ko sisi ba, fatar baki ce kawai.

Sai batun amsa. A naɗa mutum ɗaya mai karɓar shawarwari, a kuma yanke wa'adi, misali mako 2, a ce e ko a'a tare da dalili. Wadda aka karɓa a gwada ta a sashe ɗaya na kwana 30 zuwa 90. Amma a auna yadda aikin yake kafin a fara, in ba haka ba gardama za a yi ta yi a ƙarshe.

Inda abin ya fi lalacewa shi ne wajen shugabannin sassa. In da adadin aikin wata kaɗai ake auna su, duk gwaji cikas ne a gare su, sai su danne shi. Ki kuma lura da abin da ya sami wanda gwajinsa ya gaza. In an ci masa fuska a taro, kowa zai ja bakinsa ya tsuke.