Tambaya da Amsa: Yaya ake auna tsayin daji daga sararin samaniya?

Tambaya: Malam, na ga wata taswira da ke nuna tsayin itatuwan dazuzzukan duniya, aka ce tauraron ɗan'adam ne ya auna su. Ta yaya na'urar da ke kallon daji ta tsakar ka za ta san tsayin bishiya? Daga wata ɗalibar ilimin gandun daji.

Amsa: Malama, kina da gaskiya da kika yi shakka, domin hoton da aka ɗauka daga sama ganye kawai yake nunawa. Abin da ake aunawa a nan shi ne lokaci. Na'urar tana harba ɗan guntun hasken leza zuwa ƙasa, sannan ta ƙirga tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo, kuma wannan fasaha ita ake kira laida. Idan hasken ya iso daji, wani kaso nasa yakan bugi ganyen ƙololuwa ya koma nan take, wani ya ratsa ya bugi rassan tsakiya, ragowar kuma ta bi kafofin da ke tsakanin ganye har ta taɓa turɓaya. Tunda haske yana gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, bishiya mai tsayin mita 30 za ta sa hasken da ya taɓa ƙasa ya makara wajen dawowa da kashi ɗaya cikin miliyan biyar na daƙiƙa. Daga wannan ɗan jinkiri ake lissafa tsayin.

A ganina, abin da ke dawowa tsakanin na farko da na ƙarshe ya fi tsayin kansa amfani, domin shi ke nuna ko dajin hawa-hawa ne, manyan itatuwa a sama da matsakaita da sarƙaƙiya a ƙarƙashi, ko kuwa shuka ce da aka dasa rana ɗaya, duk kanta ɗaya. Da wannan ake ƙiyasta nauyin itacen da yawan sinadarin kabon da ke ajiye a cikinsa.

Na'urar da aka ƙera musamman domin wannan aiki ita ce GEDI, ta hukumar NASA da Jami'ar Maryland a Amurka, wadda aka kai tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a watan Disamba na 2018. Daga nisan kimanin kilomita 400, leza uku ke shimfiɗa layuka takwas a doron ƙasa, kowane ɗigo faɗinsa mita 25, tsakaninsa da na gaba mita 60. Akwai kuma tauraron ɗan'adam mai suna ICESat-2, wanda aka harba a shekarar domin auna ƙanƙara, amma yana taimakawa a dazuzzukan arewa mai nisa inda tashar ba ta ratsawa.

Sai dai ki lura, ɗigo-ɗigo ake aunawa, kuma tsakanin layi da layi akwai kusan mita 600 da hasken bai taɓa ba. Taswirar da kika gani an cike giɓinta ne da kwamfuta, bayan an haɗa ma'aunin leza da hotunan da taurarin ɗan'adam irin su Landsat suka ɗauka, saboda haka mafi yawanta ƙiyasi ne. Gajimare mai kauri yana tare hasken gaba ɗaya, a kan gangaren tsauni kuma tudun ƙasa yakan cuɗu da tsayin bishiya. Shi ya sa har yanzu ma'aikatan gandun daji suke shiga da ƙafa, su auna kaurin kututture da tsayin itace, domin a gwada da abin da na'urar ta bayar.