Likitan ƙwaƙwalwa ko mai ba da shawara: wa zan gani?

Likita, wata uku ke nan barci ya ƙaurace mini, abinci ba ya mini daɗi, ko shago ba na son buɗewa. Wasu sun ce in nemi mai ba da shawara, wasu sun ce asibitin ƙwaƙwalwa na Kware zan je. Mene ne bambancinsu? Daga wani ɗan kasuwa, Runjin Sambo.

Allah ya ba ka lafiya, Malam. Bambancin yana wajen karatu, da kuma wanda doka ta yarda ya rubuta magani.

Likitan ƙwaƙwalwa cikakken likita ne. Ya yi shekara 6 a makarantar likitanci, shekara 1 ta sanin makamar aiki, ya yi bautar ƙasa, sannan ya ƙara shekara 4 zuwa 6 yana ƙwarewa. Shi ke auna ka, ya duba ko ciwon maƙoƙo ko ƙarancin jini ne ke kwaikwayon ciwon damuwa, ya rubuta magani. Masanin halayyar ɗan Adam na asibiti kuwa digirinsa na farko shekara 4 ne, sai digiri na biyu da horo a gaban marasa lafiya. Shi da mai ba da shawara da magana suke aiki, ba sa rubuta ƙwaya.

Kada ka raina maganar nan. Za ku zauna ku biyu a ɗaki, minti 45 zuwa awa ɗaya, sau ɗaya a mako. Zai tambaye ka ƙarfe nawa kake farkawa, wane tunani ke fara zuwa maka idan ka buɗe ido, ya ba ka takarda ka riƙa rubutawa a gida ka kawo masa. Yawanci zama 6 zuwa 20 ake yi.

Kai dai, tunda abin ya wuce mako biyu har ya taɓa sana'arka, fara da likita, a Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Zuwa Kware ba hauka ba ne, akasarin masu zuwa a ranar suke komawa gida. Idan an ba ka magani, yakan ɗauki mako 2 zuwa 6 kafin ka ji sauƙi, kuma ana ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan an warke. Nan mutane ke tuntuɓe: sun ji dama, sun ajiye, ciwo ya dawo. In tunanin kashe kanka ya zo maka, a ranar za ka je, ɗan'uwa ya raka ka.

Ina aji shida a sakandare, ina son wannan aiki. Ta ina zan bi? Daga wata ɗaliba, Tambuwal.

Madalla, 'yata, ana buƙatar mata sosai, domin akwai abin da mace ba za ta iya faɗa wa namiji ba. Kina iya karanta jagoranci da ba da shawara a tsangayar ilimi, shekara 4, ki yi aiki a makarantu ko kan matsalolin aure. Kina iya karanta aikin jinya, ki ƙara kwas na jinyar masu ciwon ƙwaƙwalwa. Daga baya ki zaɓi fanni: yara, shaye-shaye, masu jego, ko waɗanda harin 'yan bindiga ya firgita, waɗanda muke da su da yawa a gabashin jihar nan ta Sakkwato.

Ɗana yana shan tiramol. Wani a WhatsApp ya ce shi ƙwararre ne, zai raba shi da ita cikin mako ɗaya. In biya? Daga wata uwa, Mabera.

Hajiya, kada ki biya. Tambaye shi inda ya yi karatu, da asibitin da ya yi horo, da lambar rajistarsa. Likita yana da rajista da hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, ma'aikacin jinya da hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya.

Kuma babu mai yanke wa shaye-shaye rana. Wanda ya daɗe yana shan tiramol, in ya daina farat ɗaya, zai sha gumi da gudawa da ciwon gaɓoɓi, wani ma har da jijjiga, shi ya sa ake janye shi a hankali a gaban likita, sannan a shiga watanni ana zaman shawara da shi da iyalinsa. Duk inda za a sa wa ɗanki mari ko a doke shi, kada ki kai shi. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta kare mutuncinsa da sirrinsa. Ki ci gaba da yi masa addu'a, ki kuma kawo shi asibiti da sauran ƙwayar da kika samu a ɗakinsa, mu ga ƙarfinta.